Lalle da furfurata: abin da na rubuta tun daga Janairu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau na zubar da ragowar rinin kwali da ke cikin durowata, har da guda biyu da ban ko fasa ba. Rinin da na yi a watan Nuwamba shi ya raba mu. Kwana biyu da yin sa bayan kunnuwana suka feso da ƙuraje masu ruwa, fatar kaina ta dinga raɗaɗi, fatar idona ta kumbura har ina gani da ƙyar. Likitar da ta duba ni ta ce alamu sun nuna jikina ya daina jituwa da PPD, sinadarin da ke cikin yawancin rinin gashi mai duhu, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ba ya sake karɓar sa, sai ma abin ya ƙara muni a karo na gaba. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, kuma a wurina wannan ba karin magana ba ce.

Ita kuwa furfura ba ruwanta da wannan labari. Ta cika gefen goshina biyu, ta bi tsagar tsakiya, ga wasu tsilli-tsilli a ƙeya da ƙanwata ce kawai ke ganin su. Gashina na halitta ne, shekara shida rabona da rilaksa. Yana da cika, yana da ƙananan murɗi, in an ja shi yana taɓa kafaɗa, in ya sha ruwa ya bushe sai ya tsuke ya tsaya iya kunne. Na yanke shawarar gwada lalle zalla, kuma zan riƙa rubuta komai, giram nawa, awa nawa, me na zuba, domin na san halina: bayan wata biyu sai in rantse na yi abin da ban yi ba.

Abin da na riƙe kafin in fara shi ne lalle ba ya hasken gashi ko kaɗan. Ja ne mai shara-shara da ke hawa kan launin da ya tarar. Baƙin gashi zai ci gaba da zama baƙi, sai dai ya yi ƙyallin ja a rana. Farin sili ne zai kwashi launin gaba ɗaya.

Laraba, 8 ga Janairu

Sayen garin lallen ya fi yadda na zata wuya. Kwali huɗu na ɗauka na mayar. Ɗaya an rubuta masa baƙin lalle, alhali babu lalle baƙi a halitta. Ganyen lalle launi ɗaya yake bayarwa, ja mai ruwan lemu. Duk abin da ya yi alkawarin baƙi ƙirin cikin minti talatin, to an haɗa shi da wani abu, kuma sau da yawa PPD ɗin da nake gudu ne, wani lokaci ma fiye da kashi 2 cikin 100 da Tarayyar Turai ta ƙayyade wa rinin gashi. Da na saya, da an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wani kwalin kuma ko jerin abin da ke ciki babu.

Wanda na ɗauka abu ɗaya ne a jerin abin da ke cikinsa, Lawsonia inermis, wato sunan lalle a kimiyance, sai ranar da aka ɗura shi. An rubuta daga Sojat yake, wani gari a jihar Rajasthan ta Indiya da ya yi suna wajen noman lalle. Giram 500 na saya, a ledoji biyar da aka tsotse wa iska. Da na fasa ɗaya sai ƙamshin busasshiyar ciyawa ya tashi, launinsa kore mai ɗan dushewa. Na jiƙa rabin cokali na ɗiga a kan farar takarda don in ga ko an zuba masa koren rini, kamar yadda wasu ke yi don tsohon gari ya yi kama da sabo. Ba abin da ya malalo sai ruwa mai ɗan launin ƙasa.

Asabar, 11 ga Janairu

Sati guda ina tara gashin da ke maƙalewa a mataji. 'Yata ta tarar da shi a ambulan ta ce, "Umma, me za ki yi da wannan?" Na ce gwaji. Kallon da ta yi mini bai nuna ta gamsu ba.

Na wanke shi da shamfu, na raba ƙulli uku, na tabbatar kowanne da farin sili a ciki. Daren jiya na kwaɓa cokali biyu na gari da ruwan lemun tsami. Da safe saman kwaɓin ya koma ruwan ƙasa, cikinsa yana nan kore. Na ɗiga a tafin hannu, na bar shi minti ɗaya, na goge, sai ga tabo ruwan lemu. Ya tsumu ke nan. Ƙulli na farko awa biyu zai yi, na biyu huɗu, na uku shida.

Na kuma shafa kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannuna, zan sa ido na awa 48. Lalle zalla bai cika tayar da fata ba, amma wadda ta taɓa kumburin ido ba ta yarda da "bai cika ba".

'Yar tawa ta so in sa mata a jelar gashinta, na hana. Yaran da ke da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, lalle na iya fasa musu jajayen ƙwayoyin jini, musamman jarirai, kuma ba a taɓa yi mata wannan gwajin ba. Ta yi fushi na rabin awa.

Talata, 14 ga Janairu

Fata lafiya lau, ba ƙaiƙayi, ba kumburi.

Ƙullin gashin kuwa sun ba ni darasi. Ranar Asabar da na wanke su, fararen silin sun fito launin karas, har na ce wannan aiki ba da ni ba. Yau na sake ɗaga su a taga, sun koma ruwan tagulla mai duhu. Sinadarin da ke rini a ganyen, wanda ake kira lawson, yana shiga ya ƙulle da kiratin, wato furotin ɗin da aka gina gashi da shi, sannan iska ta ci gaba da nunar da launin kwana biyu zuwa uku. Shi ya sa ba ya wankuwa, shi ya sa kuma ba a yanke masa hukunci ranar farko. Tsakanin awa biyu da huɗu akwai bambanci a fili. Tsakanin huɗu da shida sai na ƙura ido sosai. Awa huɗu zan yi.

Asabar, 25 ga Janairu

An yi na farko. Ina rubutu wuyana na ciwo.

Ƙarfe tara na daren jiya na kwaɓa giram 200 a kwanon gilashi, da ruwan lemun tsami zalla, na rufe da leda har ta taɓa saman kwaɓin. Da safe na wanke kai da shamfu ban sa kwandishana ba, na taje, na raba gida huɗu, na bi goshi da kunnuwa da ƙeya da basilin. Ƙanwata ta zo taya ni, ta sa safar hannu tana dariya tana cewa, "Yaya, wannan ai yaɓe za mu yi." Gaskiyarta. Kwaɓin ya yi tauri, ba ya ratsa gashi irin nawa, sai ya zauna a sama kamar laka a bango. Muka ƙara ruwan ɗumi, hannu ya zarce, ya koma yana bin wuya. Gida huɗun ma sun yi girma, muka mai da su goma sha biyu muna tsaka da aiki.

Kuma bai isa ba. Adadin da aka rubuta a kwali na masu sulɓin gashi ne. Gashi mai cika yana shan kwaɓi kamar soso, muna zuwa ƙeya kwano ya ƙare, sai kankare gefe muka yi muka lallaɓa. Shafawar ta ci awa ɗaya da minti ashirin. Na naɗe kai da leda, na ɗora tsohon tawul, don lalle yana aiki ne muddin yana da danshi da ɗumi, in ya bushe ya tsaya. Awa huɗu ina zaune da nauyi a ka, ina share koren ruwan da ke gangarowa bayan kunne.

Wankewar ce ta kusa sa ni kuka. Ban tankaɗe garin ba, ashe da 'yan ƙananan itatuwa da jijiyoyin ganye a ciki, kuma kowane murɗi na gashina ya riƙe rabonsa. Minti arba'in ina zuba ruwa yana fita launin ƙasa. Da na gama na taɓa kaina, na ji kamar tsintsiyar kwakwa na kama. Na lafta kwandishana mai nauyi, na rufe minti talatin, ya ɗan sauko. Banɗakin kuma ba a magana.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gefen goshina kamar an kunna wuta. Na sani sarai zai lafa, na gani da idona a ƙullin gwaji, amma ƙulli a ambulan daban, fuskarka a madubi daban. Maigidan ya duba ya buɗe baki, ya sake rufewa. Ya kyauta wa kansa.

Har yanzu in na sosa kai gari na zubowa a kafaɗa.

Laraba, 29 ga Janairu

Ya nuna. Furfurar ta koma jan ƙarfe mai duhu, kamar an bi cikin baƙin gashin da zaren tagulla. A ɗaki ba mai lura. A rana duk kan yana ɗaukar wani ja a ɓoye. Ƙeya, inda kwaɓi bai isa ba, ta fi haske, kuma ƙanwata ta gano farare uku da suka tsira. Bayan kunnuwana ko ƙurji ɗaya babu, wanda shi ne dalilin fara wannan aiki tun asali.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sati biyu ina fama da bushewa, kuma yanzu na gane laifin ya rabu biyu. Rabi na lemun tsami ne. Lalle ɗan tsami kaɗan yake so don launin ya fita a hankali ya kuma tsaya da ƙarfinsa, ni kuwa na jiƙa fatar kaina da tsami zalla na awa huɗu. Ta yi ta ɓarewa kamar amosani har kwana goma. Sauran rabin na lallen ne da kansa. In ya ƙulle da sili yana ƙara masa tauri, irin yadda man gyaran gashi mai furotin ke yi, kuma gashi mai murɗi dama can man fatar kai ba ya gangarowa har bakinsa. To ga tauri ga ƙishi. Na ajiye duk wani abin shafawa da aka rubuta furotin ko kiratin a jikinsa, na koma turara kai da kwandishana mai laushi sau biyu a sati, in bi da ruwa, in rufe da mai, in yi manyan kalaba in bar shi ya huta.

Yau ne na fara jin gashina ya dawo hannuna. Har ma da ƙari: silin ya fi kauri a yatsa, kuma gutsattsarin da nake gani a ƙasa bayan taza sun ragu. Ban ƙirga ba, ido ne kawai, kuma ido yana son ya ga abin da aka wahala a kansa. Zan bar maganar a haka tukuna.

Rigar matashin kai guda ɗaya ta tafi. Wanki uku na farko ruwan yana fita da ɗan launi, ni kuma na kwanta da danshi a ka.

Asabar, 1 ga Maris

Karo na biyu, sati biyar bayan na farko. Sabon tofo ya kai santimita ɗaya da ɗoriya, daidai da yadda gashi ke tsiro a wata, kuma farin layin da ke gaban goshi ya fi fitowa yanzu da yake jingine da ja.

Na sauya kusan komai. Giram 250. Na tankaɗe garin sau biyu da rariya mai laushi, abin da ya rage a kanta ya kai cokali biyu na tsinke da ɓawo, su ne suka wahalar da ni wancan karo. Na kwaɓa da ruwan shayi da ya huce, lemun tsami cokali biyu kacal. Ruwan zafi na kauce masa, don yana fitar da launin da sauri ya kuma kashe shi da sauri. Ɗakin ya fi ɗumi yanzu, awa bakwai ya tsumu, na gane ta gwajin tafin hannu. Daga nan na tace kwaɓin ta cikin tsohuwar safa mai shara-shara, na matse shi cikin leda mai kauri, na yanke kusurwa ɗaya. Wannan dabara ita ce ta fi komai amfani. Ana tsaga, a matsa a gindin gashi, a murza da yatsa, a wuce. Kaurinsa ya zama yana zubowa daga cokali a hankali ba tare da ya tsiyaye ba. Na shafa a kan gashi mai ɗan danshi, ya fi shiga. Ni kaɗai na yi, minti hamsin.

Wajen wankewa na cika babbar roba da ruwan ɗumi na tsoma kai a ciki, ina kaɗa gashin a hankali har laka ta saki da kanta. Ruwa biyu na sauya, sannan na bi da kwandishana mai yawa ina warware murɗin da yatsa. Minti goma sha biyar. Shamfu sai bayan kwana biyu.

Ragowar kwaɓin na ɗura a ƙananan ledoji uku na jefa firiza. A waje kwana ɗaya ko biyu yake yi ya mutu, a daskare kuwa yana watanni.

Asabar, 22 ga Maris

Akwai abin da ban so ba. Murɗin gaban kaina ya saki. Wurin dama shi ne mafi laushi, kuma shi ya fi shan lalle saboda can furfurar take. Da in na jiƙa shi yana naɗewa kamar igiyar waya, yanzu sai ya yi lanƙwasa ya rataye. Na san ana faɗar haka, cewa lalle in ya taru yana ƙara wa sili nauyi har murɗi ya buɗe, kuma akwai masu neman hakan da gangan. Ni ba na nema. Shekara shida na yi ina rainon wannan murɗin.

Na kuma lura tsohuwar furfurar da ta sha sau biyu ta fi duhu, ta doshi ruwan makuba. Kowane shafi yana hawa kan na baya ne, ba ya maye gurbinsa. In na ci gaba da lafta wa kai duka kowane wata, nan da ƙarshen shekara jelar za ta yi duhun da ban zaɓa ba, kuma ba hanyar komawa sai almakashi. Daga yau gindi kawai zan riƙa yi. Zan kuma gwada zuba garin amla, 'ya'yan wata bishiya ta Indiya, wanda masu lalle ke cewa yana rage jan yana kuma taimakon murɗi. Tunda yana da tsami, zai ɗauke wa lemun aiki.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Gindi kawai, da leda biyu daga firiza. Na bar su suka narke da kansu. Sun kama fiye da sabon kwaɓi ma. Awa uku. Ba labari, kuma haka nake so.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ranar farko zuwa ta uku bayan kowane shafi su ne matsalata, lokacin da sabon tofo ke yin karas kafin ya nuna. Don haka na sayo garin baba, Indigofera tinctoria, ganyen da ake samun shuni daga gare shi, na koma kan ambulan ɗina.

Baba kishiyar lalle ne a hali. Lalle yana son tsami da jira, baba ba ya son ko ɗaya. Da ruwan ɗumi zalla ake kwaɓa shi, a ba shi minti goma zuwa sha biyar, in samansa ya fara ƙyallin shuɗi a yi amfani da shi nan take. Ba a ajiye kwaɓinsa, ba a daskarar da shi. Warinsa kamar ɗanyen ganye da ya kwana a ruwa, bai yi mini ba sam.

Ƙulli huɗu na yi. Na farko baba zalla a kan farin sili, don in gani da idona: ya fito shuɗi-kore kamar gansakuka. Baba ba ya zama da kyau sai a kan lalle, jan ne ke riƙe shi ya kuma kashe koren. Na biyu na yi masa lalle, na wanke, na bi da baba awa ɗaya: baƙi ƙirin, har ya fi nawa na asali baƙi. Na uku rabi da rabi a kwaɓi ɗaya: ruwan ƙasa mai ɗumi. Na huɗu kashi biyu baba, kashi ɗaya lalle: ruwan ƙasa mai duhu.

Na daɗe ina juya na biyun a hannu. Shi ne abin da rinin kwali ke ba ni da, furfura ta ɓace ɓat. Amma baba in ya zauna ya zauna, kuma duk wadda ta sa masa sinadarin hasken gashi daga baya kore za ta gani. Ban shirya ɗaure kaina haka ba. Na uku na zaɓa.

Asabar, 3 ga Mayu

Na ɓata shi da hannuna. Lalle ya tsumu, na kwaɓa baba giram 40, na haɗa su, sai ga sallama a ƙofa. Baƙuwar da ba a cewa "jira ni" ce. Kafin in dawo kan kwanon an yi kusan awa ɗaya da rabi, samansa ya yi shuɗi sosai, alamar launin ya riga ya ƙare a iska maimakon a gashi. Na shafa duk da haka don kada a yi asara. Sakamakon lalle ne zalla da ɗan dushewa, ga ciwon kai da warin ya bar mini har dare.

Asabar, 31 ga Mayu

Wannan karon na kashe waya na ce ba na nan. Lalle giram 50 da amla cokali biyu tun dare. Da safe sai da na gama tsaga da basilin da komai, safar hannu na hannuna, sannan na kwaɓa baba giram 50 da ɗan gishiri, na jira minti goma, na haɗa, na fara da gefen goshi inda furfura ta fi taurin kai. Cikin minti ashirin da biyar na gama. Awa uku.

Da na wanke ba karas. Ruwan ƙasa ne tun ranar farko, da ɗan kore-kore da ya ɓace washegari. Ƙanwata ta leƙa tsagar ta ce, "Yaya, yanzu kam ba mai cewa kin yi wani abu." Abin mamaki, maganar ba ta yi mini daɗin da na zata ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Wanki huɗu bayan na ƙarshe, baban ya fara sakin gefen goshi, jan yana leƙowa ta ƙasa. Haka yake yi a farko, sai an maimaita sau da yawa kafin ya zauna daram, shi kuwa lalle ko gezau.

Yau da safe wani dogon sili ya fito a mataji, na shimfiɗa shi a farar takarda. Duk aikin wata biyar yana jikinsa. Can ƙarshe baƙin rinin kwali na bara da ya koɗe. Sai makuba inda lalle ya hau sau biyu. Sai tagulla mai haske na Afrilu da farkon Mayu. Sai ruwan ƙasa na baba. Sai ɗan fari a gindi da bai kai santimita ba. Na manna shi da salatif a bangon littafin nan.

Da na jera su haka, tagullar ce ta fi burge ni, wato wurin da lalle ya hau sau ɗaya tak. Na fara wannan aiki ne don in ɓoye furfura, yanzu kuma na ga ba ɓoyon nake so ba sosai, fari fat ɗin ne kawai ba na so a gaban goshi. Baba yana ƙara mini aiki, da wari, da ciwon kai, da tsoron ranar da zai zauna ya ƙi tashi. Zan ajiye shi. Kwana ukun karas kuwa zan riƙa daidaita su da ƙarshen mako in ɗaura ɗankwali.

Murɗin gaba bai dawo ba a tsohon gashin, amma sabon tofon yana naɗewa yadda ya saba. Ko amla ce, ko daina lafta wa jela ne, sau ɗaya na sa amlar, don haka na fi zargin na biyun.

Ƙanwata ta ce ita ma tana so. Nata gashin da rilaksa, kuma ta yi rinin kwali wata uku da suka wuce. Lalle zalla ba ya faɗa da waɗannan, wanda aka cakuɗa da gishirin ƙarfe ne ke ƙona gashi in ya haɗu da sinadarin rini, amma gashin da rilaksa ta ratsa ya fi shan launi, zai iya yin ja fiye da nawa. Na miƙa mata ambulan na ce ta tara na sati guda ta kawo. Ta ce, "Haba Yaya, ba ga naki na gani ba?" Na ce nawa ta gani.

A firiza akwai leda ɗaya, ba za ta isa ba. Giram 500 na farko sun ƙare tun Mayu, na buɗe sabon kwali, kuma wannan ya fi wancan laushi, kusan ba abin da ya rage a rariya. Shafi na gaba 5 ga Yuli: lalle giram 60, amla cokali biyu, gindi kawai, awa uku. In sayo safar hannu kafin nan, saura guda ɗaya kuma ta hagu ce.